Tarihin Wutar Lantarki a Birnin Katsina da Matsayin Hasken Rana a Cikinsa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun wutar lantarki a birnin Katsina, tun daga zamanin En'e har zuwa shekarun da farantan sola suka fara bayyana a kan soraye da rufin kwano, domin a ga inda wutar take fitowa a kowane zamani, da wanda yake riƙe da linzaminta, da kuma dalilin da ya sa gari mai rana irin ta Katsina ya daɗe yana zaman jiran wutar da ake samarwa a wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita. Ba za a kutsa cikin ilimin injiniya ba, sai gwargwadon abin da zai taimaki mai nazarin tarihi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, sauye-sauyen da aka yi wa sha'anin lantarki a Nijeriya daga 1950 zuwa 2013 sun ƙara yawan wutar da take isowa Katsina, amma kuma kowannensu ya ƙara nisanta garin da tushen wutarsa. Hasken rana shi ne abu na farko da ya zo da alamar juya wannan tafiya.

Kafin zuwan lantarki

Katsinawa ba baƙin amfani da rana ba ne. Da ita ake busar da tubalin da aka gina ganuwa da gidaje da hasumiyar Gobarau. Da ita majema suke shanya fata, marina su shanya baƙi, mahauta su yi kilishi, mata kuma su busar da kuɓewa da kauɗa da daddawa don ajiyar rani. Watau dai zafin rana tsohon ma'aikaci ne a ƙasar Hausa. Abin da ba a iya ba shi ne ajiye haskenta zuwa dare. Saboda haka da magariba sai a koma ga fitilar ƙasa mai lagwanin auduga, wadda ake zuba wa man gyaɗa ko man kaɗe, almajirai kuwa su yi karatu a gindin wutar kara. Da Turawa suka kawo kananzir sai aci-balbal da fitilar ƙwai suka shigo. Ya kamata mu riƙe wannan batu na dare da rana, domin za mu sake gamuwa da shi a ƙarshen takarda cikin wata kama.

Wutar En'e

A Ikko aka fara kunna wutar lantarki a Nijeriya, cikin 1896, da ƙananan injuna masu jimlar ƙarfin kilowat 60. Daga nan Ma'aikatar Ayyuka ta Gwamnati ta riƙa kafa ƙananan gidajen wuta a garuruwan da Turawa suke da hidima, kamar Fatakwal da Kaduna da Inugu. A Filato kuwa kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga gangarar ruwan Kurra cikin 1929, saboda masu haƙar kuza. Kowane gidan wuta zaman kansa yake yi, babu waya da ta haɗa shi da wani.

Akwai garuruwa kaɗan da ba Gwamnati ce ta kai musu wuta ba, En'ensu ce ta yi da kuɗin baitulmalinta. Su ne Ibadan da Abekuta a kudu, Kano da Katsina a arewa. Katsina ta sami tata cikin shekarun 1930, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin garin. A Katsina ne Razdan Palmer ya fara gwada tsarin baitulmali kafin a yaɗa shi zuwa sauran masarautu, a nan ne aka kafa Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, kuma Sarki Dikko da kansa ya je Ingila tun 1921, ya ga abin da lantarki yake yi a biranen can.

Sai dai kada mu zuzuta abin ya wuce kima. Wutar irin waɗannan gidaje ba ta talaka ba ce. Hidimarta ta fi karkata ga fada da asibiti da ofisoshi da gidajen Turawa da na manyan ma'aikata da kantunan kamfanoni, mafi yawan unguwanni kuwa suna nan da fitilarsu. Bugu da ƙari, jirgin ƙasa bai taɓa isowa birnin Katsina ba. Ya isa Kano cikin 1911, reshen da ya bi ta Funtuwa kuma ya zarce Gusau da Kauran Namoda. Don haka duk wani ƙarfe ko mai da inji yake bukata sai an ɗauko shi a mota daga bakin tasha, wanda hakan ya sa wutar Katsina tsada tun daga tushe. Amma duk da haka akwai abu guda da wannan tsari yake da shi, wanda ba a sake samu ba: injin yana cikin gari, masu kula da shi suna cikin gari, kuɗinsa daga harajin ƙasar Katsina yake fitowa, in ya lalace kuma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Daga ECN zuwa NEPA

Cikin 1950 Gwamnati ta yi dokar da ta kafa Hukumar Lantarki ta Nijeriya, wadda aka fi sani da ECN. Ta fara aiki a 1951, ba da daɗewa ba kuma ta karɓe gidajen wutar En'e, har da na Katsina. Hujjar da aka bayar mai ƙarfi ce: ƙananan injuna masu zaman kansu suna cin kuɗi da yawa, wutar da suke bayarwa kaɗan ce, kuma ba kowace En'e ce za ta iya riƙe ƙwararrun injiniyoyi ba. Amma daga ranar ne shawarar wutar Katsina ta tashi daga Ƙofar Soro ta koma Ikko.

Bayan samun mulkin kai sai tunani ya koma ga manyan ayyuka. Aka kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara cikin 1962, aka gama madatsar Kainji cikin 1968, mai ƙarfin megawat 760. Cikin 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe wannan hukuma da ECN, aka sami NEPA, sunan da har yau bai fita bakin mutane ba ko da yake hukumar ta daɗe da shuɗewa. Madatsar Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro a 1990. A kudu kuwa aka yi ta gina tashoshi masu ƙona iskar gas, irin su Afam da Ugheli da Safele da Egbin, har ta kai ga yawancin wutar da take bin babban layin ƙasa daga gas take fitowa, ba daga ruwa ba.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗauki taswira ya duba. Gas yana yankin bakin teku, madatsun suna tsakiyar ƙasa, Katsina kuwa tana can ƙurya kusa da iyakar Nijar. Wutar da za ta kunna ƙwai guda a Ƙofar Ƙaura sai ta bi babban layi mai kilobolt 330 ta Kaduna zuwa tashar Kumbotso a Kano, a rage mata ƙarfi zuwa kilobolt 132, sa'an nan ta kamo hanyar Kankiya, tafiyar kimanin kilomita 170, kafin ta iso. Na ƙarshen layi kuwa kamar na ƙarshen sahu ne a wurin rabon tuwo: in an sami ragi shi ake fara ragewa, in waya ta tsinke a ko'ina a hanya shi ne zai kwana cikin duhu, kuma wutar da za ta iso masa ta riga ta raunana saboda tsawon tafiya. Wannan ne asalin abin nan da masu injin niƙa da masu walda suka sani, na a kawo wuta amma ta kasa ta da inji.

A daidai lokacin da hanyar ta yi tsawo haka, bukatar garin ta yi ta hauhawa. An buɗe masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina cikin 1982. Ruwan famfo daga madatsar Ajiwa sai da wuta ake turo shi. Ranar 23 ga Satumba 1987 kuma aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, birnin ya zama hedkwata, ma'aikata suka kwararo, sababbin unguwanni suka ɓulla bayan ganuwa, kowa da fanka da firji da talabijin. Falwaya ta yaɗu, wutar da take bin ta kuwa ba ta ƙaru gwargwadon haka ba.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba, shi ne cewa layin bai tsaya a Katsina ba. Daga nan wata waya mai kilobolt 132 ta ƙetara iyaka zuwa Gazawa, inda take ciyar da Maraɗi da Damagaram, kamar yadda wata daga Birnin Kebbi take ciyar da Yamai tun 1976. Ashe ke nan akwai waɗanda suke bayan na ƙarshen sahu. Sun kuwa ɗanɗana kuɗarsu a watan Agusta 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a mayar ba sai cikin Maris 2024.

Dokar gyaran sha'anin lantarki ta 2005 ta rushe NEPA, aka sami PHCN na ɗan lokaci, sa'an nan aka rarraba ta zuwa kamfanoni. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta guda 10 daga cikin 11 ga 'yan kasuwa, Katsina ta faɗa ƙarƙashin KEDCO tare da Kano da Jigawa. Mai shagon ya sauya, amma hanyar da kayan suke bi ba ta sauya ba. Wutar da babban layi yake iya rabawa ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

Abin da rana take da shi

Katsina tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daminarta gajera ce, watanni huɗu ko abin da ya yi kusa, sauran shekara sararin sama a buɗe yake. Masana sun auna cewa a arewacin Nijeriya kowace murabba'in mita tana samun hasken da ya kai kimanin yunit 6 a yini, in an yi awo da yunit irin na mitar lantarki, alhali a bakin teku abin bai cika wuce 4 ba. Farantin sola na zamanin nan yana juya kimanin kashi 20 cikin 100 na wannan haske zuwa lantarki. In aka cire hasarar waya da zafi, murabba'in mita guda za ta ba da wajen yunit ɗaya a yini. Watau rufin ɗaki guda matsakaici ya isa ya riƙe fitilu da fankoki da firjin gida. Babbar tasha kuwa tana cin kimanin hekta biyu a kan kowane megawat.

Amma lalle ne a faɗi gaskiya, rana irin tamu tana zuwa da nata sharuɗɗa. Na farko, faranti haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Da zarar jikinsa ya wuce digiri 25, kowane digiri guda yana zaftare kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na abin da yake bayarwa, a bazarar Katsina kuwa, cikin Afrilu da Mayu, jikin faranti yana iya haura digiri 60. Na biyu, hazo da ƙurar hunturu suna dushe hasken tun a sama, sa'an nan su kwanta a kan gilashi, sai an yi ta wankewa, a garin da ruwan ma saye ake yi. Waɗannan duka suna rage riba, amma ba su kai su hana ba.

Bincike ma ba jiya aka fara shi ba. A Amurka aka ƙera farantin farko mai amfani cikin 1954. Maƙwabtanmu sun riga mu farkawa, domin tun 1965 Nijar ta kafa ofishin binciken makamashin rana a Yamai, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya daɗe yana shugabanta, shi ne kuma aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. A Nijeriya an yi dokar kafa Hukumar Makamashi cikin 1979, aka buɗe cibiyoyin bincike a jami'o'in Sakkwato da Nsukka a farkon shekarun 1980. Sun ƙera murhun rana da na'urar busar da amfanin gona da ta ɗumama ruwa. Abin da ya hana aikinsu fita daga harabar jami'a shi ne, a lokacin faranti yana da tsadar gaske, fetur da kananzir kuwa Gwamnati tana sayar da su da rangwame. Ba wanda zai sayi rana da tsada ga mai yana araha. Sai tsakanin 2010 da 2020, da masana'antun Sin suka shiga harkar gadan-gadan, farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100.

Lambar Rimi da Kankiya

Sau biyu aka yi yunƙurin dawo wa ƙasar Katsina da babban gidan wuta nata. Na farko na iska ne. Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro tunanin cikin 2005 yana Gwamna, da ya zama Shugaban Ƙasa a 2007 sai Gwamnatin Tarayya ta karɓi aikin. Aka tsara kafa fankoki 37 a Lambar Rimi, kowace mai kilowat 275, jimla kimanin megawat 10, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila. Cikin Disamba 2012 'yan bindiga suka sace wani injiniya Bafaranshe a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai Nuwamba 2013. Aiki ya tsaya, kaya suka yi ta shan rana da ƙura, abin da aka zaci shekara biyu za ta ishe shi ya ci fiye da goma.

Na biyu shi ya fi dacewa da batunmu. A watan Yuli 2016 kamfanin Gwamnati mai sayen wuta a sari, watau NBET, ya sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanoni 14 domin gina tashoshin sola masu jimlar megawat 1,125, galibinsu a Arewa. Biyu daga ciki a Jihar Katsina aka tsara su: megawat 75 na kamfanin Pan Africa Solar a Kankiya, da megawat 100 na kamfanin Nova Solar. Zaɓen Kankiya da hikima aka yi shi, domin tana kan layin da ya taho daga Kano, don haka wutar za ta shiga waya kusa da masu shanta. Farashin da aka amince a kansa shi ne senti 11.5 na dalar Amurka a kan kowane yunit.

Aka shekara, aka sake shekara, ba a kafa faranti ko ɗaya ba. Bankunan da za su ba da rance sun ce sai Gwamnati ta tsaya a matsayin lamuni, ta yi alkawarin biya in mai saye ya gaza, tun da sun san kamfanonin rarraba wuta ba su iya tattara kuɗin abin da suka sayar gaba ɗaya. Gwamnati kuma, da ta ga farashin sola yana ta faɗuwa a duniya, ta ce ba za ta ɗaure kanta da tsohon farashi ba, a sauko zuwa senti 7.5. Ga shi kuma rancen da dala ake cinsa, wutar da naira ake sayar da ita, nairar kuwa ta faɗi ƙwarai a wannan shekara ta 2016. A ganina kowane ɓangare yana da hujja, kuma kuskure ne a ɗora laifin kacokan a kan sakacin ma'aikata kamar yadda aka saba. Abin da labarin Kankiya ya fallasa shi ne, tashar sola kuɗinta duka a farko ake kashewa, a yi shekara ashirin ana mayarwa, saboda haka ba ta tsayuwa sai inda aka amince cewa mai shan wuta zai biya, wanda ya karɓa kuma zai miƙa. Wannan amana ita ce ta yi ƙaranci, rana kuwa tana nan a Kankiya yadda take. Abin lura ne cewa waɗanda suka tabbata a maƙwabta ƙanana ne, kuma da kuɗin Gwamnati kai tsaye aka yi su: megawat 7.1 na Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, da megawat 10 na Challawa a Kano da aka buɗe cikin Janairu 2023.

Sola a kan rufi

Abin da manyan yarjejeniyoyi suka kasa, sai ga shi yana shigowa ta ƙofar baya, faranti ɗaya-ɗaya. Ya fara da fitilun titi da rijiyoyin burtsatse da firjin ajiye allurar rigakafi, sa'an nan masu cajin waya a bakin kasuwa, da 'yar fitila mai faranti da ta kori aci-balbal daga teburin mai shayi. Janareto ne ya daɗe yana cike giɓin NEPA, amma da aka janye rangwamen fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mai ya ninka har ya fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a, lissafin da ya hana cibiyar Sakkwato kasuwa shekara arba'in da suka wuce ya juye. Cikin Afrilu 2024 kuma aka ɗaga farashin wutar layi ga rukunin da ake ba sa'o'i mafi yawa zuwa naira 225 a kan yunit. A watan Oktoba na wannan shekara, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya biyo ta Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin Arewa, har da Katsina, suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu niƙa da teloli suka zauna, gidajen da suke da faranti a kan rufi kuwa suka zama wurin da unguwa take kai waya caji.

Ta fuskar doka ma an sami sauyi. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da dokar lantarki ta Yuni 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar kula da ita a cikin iyakokinsu. Mai nazarin tarihi ba zai kasa ganin kamar da ke tsakanin wannan da zamanin En'e ba, domin ikon da aka ɗauke daga Katsina a farkon shekarun 1950 shi ne doka ta buɗe hanyar dawowa da shi bayan shekara saba'in.

Sai dai kamar ba ta tsaya nan ba, har da ɓangarenta marar daɗi. Wutar En'e ta masu hali ce, sola ta kan rufi ma haka take neman zama. Dalili kuwa shi ne batun dare da muka ajiye tun farko. Bukatar gida tana tashi ne daga magariba zuwa bayan lisha, daidai lokacin da faranti ya daina aiki, don haka sai da batir, batir kuwa shi ne mafi tsada a cikin kayan, kuma shi ne mai saurin mutuwa. Na darma, wanda ya fi araha, zafin Katsina yakan gama da shi cikin shekara biyu ko uku. Na litiyam ya fi ƙarko, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma dukansu da dala ake shigo da su. Har ila yau, duk attajiri ko ma'aikatar da ta koma sola, kamfanin rarraba wuta ya rasa mai biya na kirki, nauyin gyaran taransifoma da waya ya koma kan waɗanda suka rage, su ne kuwa marasa ƙarfi. Inda rana ta fi sauƙin shiga shi ne aikin da ake yi da rana tsaka, wanda ba ya bukatar ajiya: turo ruwa daga Ajiwa zuwa tankuna, ban ruwa a Jibiya da Zobe, injin niƙa da na casa, ofisoshi da makarantu da rumfunan babbar kasuwa, waɗanda duka suke tashi kafin faɗuwar rana.